Gano gaɓoɓin da ke aiki a cikin dogon RNA: kwamfuta, sinadari ko yanka?

Idan aka miƙa wa mai bincike ƙwayar gado mai haifar da furotin, yana da inda zai kama. Haruffanta suna tafiya uku-uku, akwai alamar farawa, akwai ta tsayawa, kuma idan harafi ɗaya ya canza ana iya hasashen abin da zai sami furotin ɗin. RNA kwafi ne da ake ɗauka daga DNA. Dogon RNA da ba ya haifar da furotin, wanda ake taƙaitawa lncRNA, ba shi da wannan gata. Abin da kawai ya haɗa 'yan gidan shi ne tsawonsu ya wuce haruffa 200 kuma ba a ɗinka furotin da su. Kundin GENCODE, mai tattara sunayen ƙwayoyin gado, ya lissafa sama da 15,000 a jikin ɗan Adam. A cikinsu, XIST kaɗai ya kai haruffa wajen 19,000, doguwar NEAT1 kuma 22,700. Da yawansu sun yi kama da igiyar shanya: igiyar doguwa ce, amma wuraren da aka maƙala kaya kaɗan ne, kuma kana iya rage ta ko ka sauya wani sashe ba tare da komai ya faɗi ba. Aikin shi ne gano wuraren maƙalawar.

Hanyoyin da ake bi ba kuɗinsu ɗaya ba, kuma ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Yawancin asarar lokaci da ake yi a wannan fage daga nan take fitowa, mutum ya ɗauki hanyar da ke amsa "ina ya kamata in duba" ya yi zaton ta amsa masa "nan ne aikin yake".

Kafin ka zaɓi kowace hanya

Akwai tambayar da take gaba da duk sauran: shin RNA ɗin da kansa ne yake aikin? A 2016 Jesse Engreitz da abokan aikinsa sun gwada wurare 12 da ke fitar da lncRNA a ƙwayoyin halittar ɓera. Biyar daga ciki sun shafi ƙwayar gadon da ke maƙwabtaka da su, amma babu ko ɗaya da ya buƙaci ainihin jerin haruffan RNA ɗin. Ko dai DNA ɗin wurin ne ke aikin, ko kuma aikin kwafar kansa. Haka wani lncRNA mai suna Airn: a 2012 aka nuna cewa abin da ke rufe bakin ƙwayar gadon Igf2r shi ne wucewar injin kwafa ta kan mafarinta, ba RNA ɗin da aka kwafo ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai waɗanda aka yi wa rajista a matsayin marasa furotin alhali suna ɓoye da ɗan ƙaramin furotin, kamar myoregulin mai amino asid 46 da aka gano a tsoka a 2015. Wanda ya shafe shekara yana neman gaɓa mai aiki a cikin irin waɗannan, ya shuka dusa. Gwajin da ke raba gardama shi ne a rage RNA ɗin ba tare da taɓa DNA ba, ko a cire ƙwayar gadon sannan a maido da RNA ɗin daga wani wuri a ga ko lafiya ta dawo.

Kwatanta haruffa tsakanin dabbobi

Wannan ce hanya mafi arha, kuma da ita kowa ke farawa. Tunanin mai sauƙi ne: abin da ya ɗauki miliyoyin shekaru bai canza ba, akwai dalilin da ya hana shi canzawa. Ka ɗauki jerin na mutum, ka jefa a BLAST, manhajar da ke neman jerin da suka yi kama da shi, ko ka buɗe shafin intanet na UCSC ka dubi layin phastCons, mai nuna wuraren da ba su canza ba tsakanin dabbobi, ka ga inda ya yi tsini.

Idan ta ci, tana ci da kyau. A 2011 Igor Ulitsky, yana ɗakin binciken David Bartel, ya lissafa lncRNA sama da 550 a kifin zebra. Guda 29 ne kawai aka ga kamanninsu a dabbobi masu shayarwa, kuma a mafi yawansu kamannin a ɗan gajeren yanki yake. Ɗaya daga cikinsu, Cyrano, yana da guntun da kusan bai motsa ba tun daga kifi har mutum, kuma a tsakiyarsa akwai wurin da ƙaramin RNA mai suna miR-7 yake kamawa kusan harafi da harafi. Sai a 2018 aka nuna cewa da wannan guntun ne Cyrano yake sa a lalata miR-7 a ƙwaƙwalwar ɓera. Kwamfuta ta nuna wurin shekara bakwai kafin a san aikinsa.

Amma ka sake duba lissafin, 29 cikin 550. Wani bincike na 2015 daga ɗakin Ulitsky a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila ya nuna cewa sama da kashi 70 cikin 100 na waɗannan RNA ba a samun 'yan'uwansu a dabbobin da suka rabu fiye da shekara miliyan 50. BLAST an gina shi ne don dogayen layuka masu kama da juna, ba don 'yan haruffa takwas ko goma da ke warwatse cikin dubbai ba. Saboda haka idan bai samo komai ba, bai gaya maka komai ba. Kuma idan ya samo, a yi hattara: yankin da bai canza ba yana iya zama DNA ne mai sarrafa wata ƙwayar gado, RNA ɗin wucewa kawai ya yi ta kansa.

Akwai dabarar rage wannan rauni. Maimakon neman kamannin haruffa, sai a nemi maƙwabta: idan ƙwayoyin gado biyu da ke gefe da gefe suna nan a ɗaya dabbar, a duba tsakaninsu. Da haka, haɗe da neman wasu gajerun alamomi, ɗakin Howard Chang ya zaƙulo lncRNA biyu, roX1 da roX2, a nau'o'in ƙudan Drosophila da dama a 2016, inda BLAST ya gaza. LncLOOM, shirin kwamfuta da ya fito daga Weizmann a 2021, yana neman gajerun jeri da suka bayyana a dabbobi daban-daban bisa tsari ɗaya, na farko kafin na biyu, na biyu kafin na uku, ko da abin da ke tsakaninsu ya canza gaba ɗaya. A ganina, ga wanda RNA ɗinsa yake da 'yan'uwa a dabbobi huɗu ko biyar, wannan ya fi BLAST amfani nesa ba kusa ba. Sharaɗinsa shi ne sai ka kawo masa jerin 'yan'uwan da kanka, kuma tara su shi ne wahalar.

Ƙidayar gajerun kalmomi

SEEKR, shirin kwamfuta da ɗakin Mauro Calabrese a Jami'ar North Carolina ya fitar a 2018, ya yi watsi da tsarin jeri ɗungurungum. Yana ƙirga sau nawa kowace kalma mai haruffa shida ta bayyana. Tunda haruffan RNA huɗu ne, A, C, G da U, kalmomin masu yiwuwa 4,096 ne. Sai a kwatanta yawansu tsakanin RNA biyu. Dalilin shi ne furotin masu kama RNA yawanci gajerun kalmomi suke ganewa, ba ruwansu da ko kalmar tana farko ko ƙarshe.

Misalin da ya fi gamsar da ni shi ne Xist da Rsx. Xist yana rufe ɗaya daga cikin kuromosom X biyu a mace cikin dabbobi masu mahaifa. Dabbobi masu jaka a ciki, dangin kangaru, ba su da shi. Suna da Rsx, wanda aka gano a 2012, kuma asalinsu ba ɗaya ba ne. Ka jera su kafaɗa da kafaɗa ba za ka ga kama ba. Amma da aka ƙirga gajerun kalmomi a 2019, sai aka ga yankunan maimaici na Rsx, wato inda jeri ɗaya ke ta maimaituwa, sun yi kama da na Xist.

Rauninta shi ne tana ba ka unguwa, ba ta ba ka gida. Sai ka yanyanka jerin zuwa tagogi na 'yan ɗaruruwan haruffa kafin ta nuna maka wani yanki, kuma sakamakon yana canzawa da irin tarin RNA da ka kwatanta da shi. RNA biyu masu yawan A da U za su yi kama da juna ko da babu abin da ya haɗa su.

A nan lissafin sa'a yana da amfani, kuma ana iya yinsa a bayan takarda. Kowace kalma mai haruffa shida za ta bayyana kusan sau huɗu a cikin haruffa 17,000 ba tare da wani dalili ba. To samun ta sau uku a RNA ɗinka ba labari ba ne. Kwatanta da NORAD, wani lncRNA mai haruffa kusan 5,300. Furotin PUMILIO yana gane UGUANAUA, inda N ke nufin kowane harafi. Haruffa bakwai tsayayyu ke nan, wato sau ɗaya cikin 16,384 idan haruffan sun rabu daidai. Bisa sa'a da ƙyar a sami ɗaya a NORAD. An samu aƙalla 15. Wannan shi ne irin rarar da ta cancanci a kashe mata kuɗi, kuma ɗakunan Joshua Mendell da Ulitsky, kowanne da kansa, sun tabbatar da haɗin a 2016.

Siffa, inda aka fi yin gardama

RNA ba ya zama miƙe. Yana naɗewa, G ta kama C, A ta kama U, a sami kara da madauki. Manhajoji irin su RNAfold za su zana maka siffa ga duk jerin da ka ba su, har da wanda ka ƙirƙira da ka, kuma zanen yakan yi kyau ƙwarai. Kyan zane ba hujja ba ne, kuma a kan dogayen jeri hasashen yana yawan kuskure.

Gwajin sinadari ya fi ƙarfi. A hanyar SHAPE ana zuba sinadarin da ke taɓa haruffan da suke sake, ya bar waɗanda suke ɗaure. Wani sinadari, DMS, yana yin irin wannan ga A da C. Daga nan a karanta inda aka taɓa. A 2016 ɗakin Kevin Weeks ya yi wa Xist na ɓera wannan awo daga farko har ƙarshe, a cikin ƙwayar halitta mai rai da kuma bayan an cire furotin. Bambancin awon biyu shi ne abin da ya fi amfani, domin inda sinadari ya kasa taɓawa a cikin ƙwaya amma ya taɓa a waje, akwai alamar wani furotin na zaune a wurin.

Sai dai kasancewar siffa daban, amfaninta daban. A 2015 ɗakin Anna Pyle a Yale ya wallafa cikakkiyar siffar wani lncRNA, HOTAIR, mai sassa huɗu. A 2017 Elena Rivas da Sean Eddy na Harvard suka fito da manhajar R-scape, wadda ke tambaya guda: idan da gaske kara yana da muhimmanci, to idan G ta koma A a wata dabba, ya kamata C ɗin da ke riƙe da ita ta koma U don haɗin ya tsira. Shin ana ganin irin wannan canji na tagwaye fiye da yadda sa'a da dangantaka za su bayar? A kan siffofin da aka gabatar na HOTAIR, SRA (shi ma lncRNA ne) da yankin maimaicin farkon Xist da ake kira maimaicin A, amsar ta fito babu. Ɗakin Pyle ya mayar da martani a 2019 cewa da an daidaita ma'aunin za a ga alamar, Rivas kuma ta ƙara wa manhajar hanyar auna ko jerin da aka tara suna da isasshen bambanci da za a yanke hukunci da su. Ni dai ina ɓangaren masu tsanantawa, amma da sharaɗi: idan duk jerinka daga birai da mutum suke, kusan iri ɗaya ne, R-scape ba zai iya cewa e ko a'a ba.

Inda siffa ta tabbata, ƙarama ce kuma tsayayya. Wani lncRNA, MALAT1, ba shi da jelar haruffan A da ke kare yawancin RNA daga lalacewa. A 2012 ɗakin Joan Steitz da na Phillip Sharp suka nuna cewa ƙarshensa yana naɗewa zuwa igiya mai zare uku wadda ke hana a cinye shi. Guntu ne ƙarami a cikin haruffa wajen 8,000. Haka MEG3: a 2019 ɗakin Marco Marcia a Grenoble ta Faransa ya nuna madaukai biyu masu nisa da juna suna haɗuwa, kuma canza harafi ɗaya a wurin yana rage ikonsa na tayar da p53, furotin mai hana cutar daji. Abin da ya sa aka yarda da waɗannan shi ne gwajin gyara: ka ɓata gefe ɗaya na haɗin, aiki ya tsaya, ka canza ɗaya gefen ya dace da ɓarnar, aiki ya dawo. Haruffan sun bambanta da na asali, siffar ce ta dawo. Duk wanda ya ce siffa ce ke aiki bai yi wannan gwaji ba, zance ne kawai.

Bin sawun furotin

Hanya ce mai fuska biyu. Ko ka kamo RNA ɗin ka ga su wa ke manne da shi, ko ka kamo furotin ɗin ka ga a ina ya zauna. A 2015 an yi wa Xist ta farkon: ɗakin Chang, da ya ɗaure RNA ɗin da furotin da sinadarin formaldehyde, ya samu furotin 81, ɗakin Mitchell Guttman a Caltech, da ya yi amfani da hasken UV wanda ke ɗaure abin da ya taɓa RNA kai-tsaye kawai, ya samu 10. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, raga ce mai faɗin ido daban. Dukansu sun kamo SPEN, wanda ya zama jigon rufe kuromosom ɗin.

Fuska ta biyu, wato hanyar CLIP da danginta irin su eCLIP, ita ce ke nuna wuri. Aikin ENCODE ya saki bayanan eCLIP na furotin 150 kyauta, amma a ƙwayoyin halittar mutum iri biyu kawai da ake reno a ɗakin gwaji, K562 da HepG2. Idan RNA ɗinka a ƙwaƙwalwa ko maraina kaɗai yake bayyana, kamar yadda da yawa suke, ba za ka gan shi a can ba. Kuma mannewa ba aiki ba ce. Ɗakin Tom Cech ya nuna a 2013 cewa PRC2, wani gungun furotin mai rufe ƙwayoyin gado, yana kama RNA barkatai, abin da ya sanyaya gwiwar rahotanni masu yawa da suka gina labarinsu a kan wannan kamun.

Yanka, da kishiyarta

A 2002 Anton Wutz, a ɗakin Rudolf Jaenisch, ya ɗauki Xist ya dinga cire masa guntu-guntu yana sakawa a ƙwayoyin ɓera. Da ya cire kusan haruffa 900 a farkonsa, inda maimaicin A yake, RNA ɗin ya ci gaba da lulluɓe kuromosom amma ya kasa rufe shi. Gwaji ɗaya ya raba aiki biyu. Har yau babu hanyar da ta kai wannan ƙarfin hujja, domin ita kaɗai ke auna aikin kansa.

Amma wannan gwajin ya tona babban raminta. Wutz bai samu guntu ɗaya da cire shi zai hana lulluɓewar ba, saboda gaɓoɓin da ke wannan aiki suna da yawa kuma suna maye gurbin juna. Ɗakin Tetsuro Hirose a Japan ya ci karo da irin haka a 2018 da ya yanyanka NEAT1 da CRISPR, dabarar yanka DNA: sai da aka cire babban yankin tsakiya sannan ɗigon da yake ginawa a cibiyar ƙwaya ya rushe, ƙananan yanka a cikin yankin ba su yi komai ba. Saboda haka a fara da manyan yanka, a zo ana matsewa. Wanda ya fara da ƙanana zai kammala cewa babu komai a wurin.

Rami na biyu: idan a kan DNA na asali ka yi yankan, kana iya cire abin da ke kunna ƙwayar gadon, ko ka ɓata yadda ake datse RNA ɗin. Hakan ta faru da maimaicin A ɗin nan, da aka cire shi a ɓera sai yawan Xist ɗin kansa ya faɗi. Kowane yanka yana buƙatar a auna yawan RNA da inda yake zaune kafin a fassara sakamako.

Kishiyar yanka ita ce a tambayi ko guntu shi kaɗai ya isa. A 2018 Yoav Lubelsky da Ulitsky suka haɗa dubban guntaye masu haruffa kusan 110, suka liƙa kowanne a jikin RNA ɗin da ya saba fita daga cibiyar ƙwaya, suka duba waɗanne ne suka tsare shi a ciki. Suka samu jeri mai haruffa 42, asalinsa daga Alu, wani jeri da ya maimaitu da yawa a DNA ɗin mutum, mai yawan C, wanda furotin HNRNPK ke kamawa. Suka sa masa suna SIRLOIN. Wannan hanya ba ta damu da maye gurbi ba, tunda kowane guntu shi kaɗai ake gwada shi. Iyakarta biyu: abin da ya fi tsawon guntun, ko yake buƙatar sassa biyu masu nisa kamar na MEG3, ba zai fito ba, kuma sai aikin da za a iya karantawa da injin jera haruffa, kamar wurin zama ko daɗewa. Ga tsada.

To wacce?

Ya danganta da abu guda: kana da aikin da za ka iya aunawa? A 2017 wani babban gwaji da CRISPRi, dabarar da ke hana kwafa ba tare da yanka DNA ba, ya rufe wurare 16,401 masu fitar da lncRNA a ƙwayoyin halitta iri bakwai. 499 ne suka shafi girma, kuma kashi 89 cikin 100 na waɗannan a ƙwaya iri ɗaya tak. Ma'ana zaɓen ƙwayar da za ka yi gwaji a kanta ya kai zaɓen hanya muhimmanci. Idan kana da ma'auni mai kyau a ƙwayar da ta dace, tafi kai-tsaye ga yanka, ka bar kwamfuta ta gaya maka inda za ka sa wuƙa. Idan abin da ka sani kawai shi ne RNA ɗin yana zaune a cibiya ko yana daɗewa, gwajin guntaye ya fi dacewa. Awon siffa na dukan tsawon RNA ba zan sa shi farko ba; in an riga an matse yankin zuwa 'yan ɗaruruwan haruffa, lokacinsa ya yi.

Ɗalibin da ba shi da komai sai kwamfutar cinya da intanet yana da aikin yi na gaske: ya tara 'yan'uwan RNA ɗin ta hanyar maƙwabta, ya gudanar da LncLOOM da SEEKR, ya ɗora bayanan eCLIP a kai, ya nemi inda shaidu biyu ko uku masu zaman kansu suka faɗa wuri ɗaya. Kowane sakamako ya kwatanta shi da jerin da aka hargitsa haruffansa amma aka bar yawansu yadda yake. Abin da zai rubuta a ƙarshe sunansa wuraren da ake zargi, kuma ya kamata ya kira su haka.

NORAD ya nuna dalili. A 2018 wani rahoto ya ce aikinsa na kare kuromosom daga rikicewa ya rataya ne a kan wani furotin, RBMX, wanda ke kama farkonsa. Kamun gaskiya ne. A 2019 ɗakin Mendell ya ɗauki ƙwayoyin da aka cire wa NORAD, ya maido musu da iri daban-daban: wanda aka cire wa wurin RBMX ya gyara matsalar, wanda aka ɓata wa wuraren PUMILIO bai gyara ba.